Kallo Kafin Ƙwallo: Xavi, Daga Kaduna Zuwa Berlin

Yau tafiyarmu Sifaniya za ta kai mu, amma a Kaduna za mu hau mota. Ƙwarai kuwa, Kaduna garin gwamna.

Ku dawo tare da ni watan Afrilun 1999. Bazara ta kankama, ana saura 'yan makonni soja su miƙa mulki ga farar hula, Najeriya kuma na karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. An buga wasanni a Kano, an buga a Bauci, an buga a Kaduna, da Legas da Ibadan da Inugu da Fatakwal da Kalaba. A cikin baƙin da suka sauka akwai tawagar Sifaniya, ƙarƙashin koci Iñaki Sáez. A tsakiyar tawagar nan kuma akwai wani yaro ɗan shekara 19, gajere, marar jiki, wanda in kun haɗu a kasuwa ba za ka waiwaye shi ba. Sunansa Xavier Hernández Creus. Mutanen garinsu "Shabi" suke kiransa. Mu a gidajen kallonmu "Zabi" muke cewa, kuma ni na fi son namu, don ya yi kama da kalmarmu ta zaɓi. Ku riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

A Kalaba suka fara, suka doke Brazil da ci 2 da nema. A cikin 'yan Brazil ɗin nan akwai wani matashi mai yawan murmushi, Ronaldinho. Ku riƙe wannan suna shi ma. Daga nan sai hanya ta kawo su filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna, inda suka gamu da Ghana a wasan daf da na kusa da na ƙarshe. Masu sauraronmu na Kumasi da Nima da Tamale, wannan naku ne. Aka tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Aka yi ta bugawa, har aka kai 8 da 7. Wanda ya tare bugun da ya fitar da Ghana yaro ne ɗan shekara 17, Iker Casillas. A Kaduna fa!

Bayan 'yan kwanaki, a wannan fili dai, suka kara da Mali, wadda ita ce ta fitar da Najeriya mai masaukin baƙi. Sifaniya ta ci 3 da 1, Xavi ne ya zura ta ukun ana dab da tashi. Ranar 24 ga Afrilu, a Surulere ta Legas, suka lallasa Japan 4 da nema. Wannan shi ne kofin duniya na farko da Sifaniya ta taɓa ɗauka a wata gasar FIFA ta ƙwallon ƙafa, kuma a ƙasarmu ta ɗauke shi.

To ga abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Da aka zo raba kyaututtuka, gwarzon gasa Seydou Keita na Mali aka ba. Na biyu namu ne, Pius Ikedia. Na uku Pablo Couñago, mai ci wa Sifaniya ƙwallaye. Yaron da ke raba ƙwallo a tsakiya, wanda duk wani hari ta ƙafarsa yake bi, bai shiga ukun farko ba. Idan a cikin masu sauraro akwai wanda ya shiga filin Ahmadu Bello a wannan mako, ina tambayarka, malam: ka lura da shi? In ba ka lura ba, ba laifinka ba ne. Duniya ma sai da ta yi kusan shekara tara kafin ta buɗe ido ta gan shi sosai.

[KIƊA]

Bari mu bi asali a gurguje. An haife shi ranar 25 ga Janairun 1980 a Terrassa, wani gari kusa da Barcelona a yankin Kataloniya. Mahaifinsa Joaquim tsohon ɗan ƙwallo ne, ya buga wa Sabadell. Yana ɗan shekara 11 ya shiga makarantar horar da yara ta Barcelona, wato La Masia. A watan Agustan 1998 koci Louis van Gaal ya sa shi wasansa na farko a babbar ƙungiya, da Mallorca, ya kuma ci ƙwallo a ranar. A Disamban wannan shekara ya sa kai ya ci Valladolid ƙwallo ɗaya tilo, a lokacin da kujerar Van Gaal ke rawa. Barcelona ta farfaɗo, ta ɗauki La Liga a kakar.

Ya dawo daga Najeriya da kofi, sai ga AC Milan ta Italiya ta zo da kuɗi masu kauri tana zawarcinsa. Uban ya ga dacewar tafiyar, domin a Barcelona akwai mai wurin, kyaftin Pep Guardiola, kuma babu alamar zai matsa. Uwar ce ta ce atafau. Labarin da iyalin suka bayar da bakinsu shi ne, Maria Mercè ta ce in dai yaron nan ya bar Barcelona, to aurenta da mahaifinsa ya ƙare. Haka maganar Milan ta mutu. Ku duba fa, jama'a. Tarihin ƙwallon Turai na shekara goma sha biyar, uwa ce ta juya akalarsa daga cikin ɗakinta. Duk wanda ya taɓa zama gaban mahaifiyarsa da shawarar barin gida ya san nauyin irin wannan magana.

Ya zauna, amma zaman bai zo da sauƙi ba. A gasar Olamfik ta Sydney a 2000, shi ya buɗe wasan ƙarshe da ƙwallon bugun tazara tun a minti na biyu, Sifaniya ta kai 2 da nema, sai Kamaru ta farke. Samuel Eto'o ne ya ci ta biyun, Kamaru ta kwashe zinare a bugun fenariti. 'Yan uwa na Garwa da Marwa da Ngaundare, na san ba ku manta ba. Guardiola ya bar Barcelona a 2001, aka ɗora wa Xavi takalmansa, aka ajiye shi can baya a gaban masu tsaron baya, ana auna duk motsinsa da na wanda ya tafi. Daga 1999 zuwa 2005 Barcelona ba ta ɗauki babban kofi ko ɗaya ba. A shekarun nan ƙwallon Turai ƙarfi take nema, da tsawo, da gudu. Shi kuwa tsawonsa mita 1.70. Shi da kansa ya sha faɗa cewa a lokacin kallon tsohon yayi ake yi wa irinsa.

Sauyi ya zo ne a hannun Frank Rijkaard. A Janairun 2004 aka aro Edgar Davids ya riƙa yin aikin ƙarfi a tsakiya, aka ce wa Xavi matsa gaba. Taku goma ko goma sha biyar kawai aka matsar da shi, sai ga shi yana ganin raga. A Afrilun wannan shekara, a gidan Real Madrid, Ronaldinho, wancan na Kalaba, ya ɗaga masa ƙwallo ta saman masu tsaron baya, ya taɓa ta a iska ta tsallake Casillas, abokinsa na Kaduna. Barcelona ta ci 2 da 1.

[KIƊA]

Yanzu ku ba ni aron kunnenku, don nan ne zuciyar shirin. Mene ne Xavi yake yi da sauran ba sa yi?

Idan ka sami tsohon faifan wasansa, ka yi mini alfarma guda. Ka ƙyale ƙwallon, ka zuba wa kansa ido. Za ka ga kan nan ba ya tsayawa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya waiga ta kafaɗa, ya sake waigawa, duk kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Kallo kafin ƙwallo. Lokacin da ta iso, ya riga ya san wa ke bayansa, wa ya sami fili, wa ya makara da taku ɗaya. Saura me? Saura zaɓi. Ya ba na kusa ko ya cilla wa na nesa, ya hanzarta wasa ko ya kwantar da shi. Kun ga inda sunan da muka raɗa masa ya faɗi daidai.

A La Masia ya koyi wannan, ta wani atisaye da suke kira rondo. 'Yan wasa su yi da'ira, a sa mutum ɗaya ko biyu a tsakiya suna neman ƙwace ƙwallo, na gefe suna miƙa wa juna da taɓawa ɗaya. Wanda ya ɓata, shi zai shiga tsakiya. Kullum, shekara da shekaru. Yaron da ya tashi a haka, kunyar rasa ƙwallo yake ji kamar yadda ɗan gidan mutunci ke jin kunyar zubar da abincin baƙo. Idan kuma aka matse shi, yana da wata juyawa tasa: ya kare ƙwallo da jikinsa, ya kewaya da ita zagaye guda, wanda ya taho da ƙarfi ya wuce fuu, shi kuma ya fito ta inda ba kowa.

A gidan kallo ihu na mai cin ƙwallo ne, haka Allah ya yi mu. Amma ku ƙirga tare da ni. Vienna, 2008, wasan ƙarshe na kofin nahiyar Turai, Fernando Torres ya ci Jamus. Wa ya ba shi? Xavi. Shi aka zaɓa gwarzon gasar, a ƙarƙashin dattijo Luis Aragonés, wanda ya damƙa masa ragamar tawagar ya ce a yi wasa da gajerun nan masu basira. Roma, 2009, Messi ya tashi sama ya ci Manchester United da kai. Wa ya ɗago masa? Xavi. Durban ta Afirka ta Kudu, 2010, Carles Puyol ya ci Jamus da kai, Sifaniya ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya. Wa ya bugo kwanar? Xavi. Wembley, 2011, Pedro ya buɗe wa Barcelona hanya. Xavi. Kiev, 2012, Sifaniya ta yi wa Italiya 4 da nema, Jordi Alba ya ci, Torres ya ci, dukansu biyu daga ƙafar mutumin nan. Hotunan da aka manna a bango na masu cin ƙwallon ne. Hannun da ya miƙa musu kuwa ɗaya ne.

Kuma ku ji yadda duniya ke juyawa. Eto'o da ya raba shi da zinare a Sydney ya zo Barcelona a 2004, ya yi shekara biyar yana cin ƙwallayen da Xavi ke raba masa. Seydou Keita, gwarzon Najeriya 99, ya iso a 2008, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a tsakiya. Guardiola, wanda inuwarsa ta rufe shi yana yaro, ya dawo a matsayin koci a wannan shekara, ya gina ƙungiyarsa a kan Xavi da Iniesta da Busquets.

Kyautar Ballon d'Or fa? Na uku ya zo a 2009, na uku a 2010, na uku a 2011. A 2010 ukun farko duk 'yan La Masia ne: Messi, Iniesta, Xavi. Ni dai a raina, shekarar da Sifaniya ta ɗauki kofin duniya, da an miƙa wa mai raba ƙwallon nan, da ba a yi zalunci ba.

Agogo na harararmu, bari mu tattara. Ya buga wa Sifaniya wasa 133, ya yi ritaya daga tawagar a 2014. Ya buga wa Barcelona wasa 767, ya ɗauki kofi 25, ciki har da La Liga 8 da Kofin Zakarun Turai 4. Wasansa na ƙarshe a Berlin ne, ranar 6 ga Yunin 2015, ya shigo daga benci ya canji Iniesta, suka doke Juventus 3 da 1, ya ɗaga kofi a matsayin kyaftin. Daga nan sai Al Sadd ta Qatar, inda ya rataye takalmi a 2019 ya zama kocinta. Ya koma Barcelona koci a Nuwamban 2021, ya ɗauki La Liga a 2023, suka rabu a 2024. Wannan babi shiri ne mai zaman kansa.

Kafin in yi sallama, saƙona ga masu horar da yara a filayen unguwanninmu, daga Kawo zuwa Fagge, daga Zinder zuwa Maraɗi. A cikin yaranku akwai wani ƙarami, marar ƙarfi, wanda ba ya cin ƙwallo, amma kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Don Allah kada a bar shi a benci saboda jiki. Irinsa ya taɓa zuwa Kaduna, ya buga wasa biyu a gabanmu, muka tafa wa wasu.