Gargaɗin ambaliya ta wayar salula: ranar da saƙo ya yi kure, wa zai gyara?

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san cewa ruwan da ke cin mutum ba lalle ne ya zuba a kansa ba. Hadari kan taso daga gabas ya sauke a bisa tudun duwatsu, inda ƙasa ta zama fako ba ta shan ruwa, sai ya gangaro cikin ƙoramu da gudu, ɗauke da yashi da itace da duk abin da ya tarar a hanya. Mutanen da ke ƙasa cikin kwari, ko a Majiya, ko a Tarka ta wajen Madawa, ko a kwarin Keita, wata rana ko yayyafi ba su gani ba, sai dai su ji rurin ruwa. Tsakanin saukarsa a tudu da isowarsa gari sa'o'i kaɗan ne, wani lokaci ma bai kai haka ba. A cikin wannan ɗan taƙi ne ake kwance dabbobi, a fitar da tsofaffi daga ɗakin ƙasa, a tsayar da motar da ke shirin ratsa ƙorama a kan hanyar Buza. Idan labari ya riga ruwa isowa an tsira, idan ruwa ya riga labari sai jaje.

Daminar 2024 ta nuna girman abin. Alƙaluman hukuma sun ce kusan mutum 400 ne suka rasu a faɗin Nijar, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa, kuma jihar Tawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki tare da Maraɗi da Damagaram. Da yawa gini ne ya rufta musu, wasu ruwa ya tafi da su. Har komawa makaranta sai da aka ɗaga daga 2 ga Oktoba zuwa 28. A 'yan shekarun nan hukumomin ƙasar sun soma aika wa jama'a gajerun saƙonni ta waya idan ana sa ran ruwa mai ƙarfi, kuma tun a 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan Adam ya kasance yana da hanyar samun gargaɗi kafin bala'i. Saboda haka tsarin yana tafe zuwa Tamaske da Karofane da Bangi, ko a bana ko a baɗi. Abin da ya kamata a tattauna tun yanzu shi ne ranar da zai yi kure, domin ya sha yin hakan a ƙasashen da suka kafa shi.

Hanya biyu ce ake bi wajen aika gargaɗi ta waya. Ta farko ita ce saƙon tes da kowa ya sani: ana tara lambobin mutane, kwamfuta ta riƙa aika musu ɗaya bayan ɗaya. Idan mutanen suna da yawa sai layi ya cushe, wani saƙonsa ya iso bayan sa'o'i, kuma wanda ya yi rajista a Keita amma yana cin rani a Abidjan shi ma zai samu. Ta biyu ita ce wadda Japan da Amurka da ƙasashen Turai da dama ke amfani da ita: turken sadarwa da kansa yake watsa saƙon ga duk wayar da ke kusa da shi, cikin daƙiƙoƙi, ba ruwansa da lamba, kuma wayar takan yi wata ƙara ta daban mai tayar da mai barci. Ta farko kamar ɗan aike ne mai bi gida-gida da takarda, ta biyu kamar sanƙira ne da ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ɗaga murya. Ƙarfinta ke nan, kuma haɗarinta ke nan, don abin da aka faɗa an faɗa, kowa ya ji.

Ranar 13 ga Janairun 2018, da ƙarfe 8:07 na safe, wayoyin mutanen tsibiran Hawai na Amurka suka ɗauki ƙara da saƙon cewa makami mai linzami yana tafe, kowa ya nemi mafaka, kuma ba gwaji ba ne. Mutane suka bar motoci a titi, iyaye suka ɓoye 'ya'yansu, wasu suka kira danginsu suna ban kwana. Ashe atisaye ake yi a ofishin agajin gaggawa lokacin canjin ma'aikata, wani daga cikinsu ya ɗauka da gaske ne ya aika. Cikin 'yan mintoci jami'ai suka gane abin da ya faru, amma sai da aka yi minti 38 kafin saƙon gyara ya shiga wayoyin jama'a, saboda ba a taɓa tanadar saƙon da zai ce "kure ne" ba. Wannan jinkirin ya fi kuren kansa baƙanta wa mutane rai. Shugaban ofishin ya ajiye aiki, aka kuma kafa doka cewa sai mutum biyu sun amince kafin saƙo ya fita.

A jihar Fulorida, cikin Afrilun 2023, saƙon gwaji ne ya tashi miliyoyin mutane da ƙarfe 4:45 na asuba. Ba wanda ya ji rauni, amma kafin rana ta take mutane suna ta koya wa juna yadda ake kashe gargaɗin a waya, hukuma kuma tana roƙonsu kada su yi, don lokacin guguwa ya kusa. A birnin Seul na Koriya ta Kudu, ranar 31 ga Mayun wannan shekarar, an ce wa jama'a su shirya ficewa ba tare da an gaya musu dalili ko inda za su nufa ba, bayan kamar minti 20 wata ma'aikata ta ce kure ne. Martanin jama'a iri ɗaya ne ko'ina: firgici, sai fushi, sai kuma wanda ya fi muni, wato a daina saurare.

To, kada wani ya ce ai gara a yi shiru. Yankin Balensiya na ƙasar Sifen yana da ƙoramu irin namu, busassu yawancin shekara. Ranar 29 ga Oktoban 2024 ruwa mai yawan gaske ya sauka a kan tudu, garin Paiporta da ke ƙasa kuwa kusan bai ga ruwan sama ba, sai ƙorama ta cika ta afka masa. Hukumar hasashen yanayi ta ba da jan gargaɗi tun da safe, amma saƙon gwamnatin yankin bai shiga wayoyi ba sai ƙarfe 8:11 na dare, lokacin da mutane suka riga suka maƙale a cikin motoci da ƙananan ɗakuna. Sama da mutum 220 suka mutu. Dubban mutane sun yi ta zanga-zanga, bayan shekara guda shugaban yankin, Carlos Mazón, ya sauka. A ganina duk jami'in da ke riƙe da irin wannan maɓalli a Nijar ya kamata ya san labarin Balensiya fiye da na Hawai, saboda ƙasarsu da ruwansu sun fi kama da namu, kuma tsoron kada a ce ka yi kure shi ma kisa yake yi.

Akwai kuma abin da jama'a za su kira kure alhali ba kure ba ne, kuma shi ne zai fi yawa a Adar. Masu hasashe a Yamai, na hukumar yanayi ta ƙasa da na cibiyar AGRHYMET, suna kallon hadari ta tauraron ɗan Adam mai aiko da hoto kowane 'yan mintoci. Suna ganin inda ya haɗu da inda ya dosa, yawanci daga gabas zuwa yamma. Abin da ke da wuya shi ne a ce ga ainihin tudun da zai sauke a kansa, don kowane manomi ya san ana yin ruwa a wannan gona ta kusa da ita ta kwana a bushe. Hasashe magana ce ta yiwuwa. Idan aka ce za a yi gargaɗi duk lokacin da ake da ɗan zato, saƙonni za su yi yawa kuma galibinsu ba abin da zai biyo baya. Idan aka ce sai an tabbata, ranar da aka tabbata ruwa ya riga ya shigo gari. Dole a zaɓi wani wuri a tsakani, kuma dole a gaya wa jama'a gaskiya cewa wasu gargaɗin za su wuce lami lafiya. A kogin Sirba da ke jihar Tilaberi an kafa na'urori masu auna tashin ruwa da kansu, da matakai huɗu na launi daga kore zuwa ja, kuma kogi yana ba da lokaci mai ɗan tsawo. Ƙoramun Buza da Keita ba su da wannan haƙuri. A nan, mutum ɗaya a ƙauyen tudu mai ma'aunin ruwan sama da waya mai caji, wanda ya san wa zai kira a ƙauyen kwari, yana iya riga kowace kwamfuta.

Sai kuma tambayar wanda zai karanta. Manya da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, a karkara kuma tsakanin mata abin ya fi haka ƙaranci. Saƙon Faransanci da ya shigo da tsakar dare zai jira ɗan makaranta ya tashi da safe. Tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa, to babu dalilin da zai sa gargaɗin da ya shafi rai ya zo wa mutumin Galma ko Tabotaki da wani harshe, kuma a gundumar Keita da wuraren makiyaya sai an haɗa da Tamajek da Fulatanci. Murya ta fi rubutu: kiran waya mai ɗauke da magana, rediyon karkara, lasifikar masallaci. Waya kuma sau da yawa tana aljihun maigida a kasuwa ko a wurin caji, wadda ke cikin ɗakin da zai faɗi kuwa matar ce da yara. Hausawa sun ce in kunne ya ji gangar jiki ta tsira, to sai a tabbata kunnen da ya dace ne ya ji.

Ba daga sifili za a fara ba. Nijar tana da tsarin gargaɗin gaggawa tun 1989, kuma akwai kwamitocin ƙauyuka da ake kira SCAP/RU da masu sa ido a matakin ƙananan hukumomi, ko da yake an fi saninsu da batun ƙarancin abinci. Akwai hakimai da limamai da ƙungiyoyin mata, irin matan da suka ɗauki duwatsu a ka suka yi gandun aikin raya ƙasa na Keita tun daga 1984. Waɗannan su ne mutanen da za a tambaya da zarar waya ta yi ƙara, domin ɗan Adam ba ya barin gidansa da rumbunsa saboda rubutu, sai ya ji daga bakin wanda ya yarda da shi. Idan hakimi bai san da saƙon ba, saƙon ya mutu a nan.

In kuwa hukuma ta bar gurbi, jita-jita za ta cike shi. Mutanen arewacin Najeriya ba su manta da daren watan Agustan 2014 ba, lokacin da saƙo ya zagaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don maganin Ebola. An tashi mutane daga barci, an kwantar da wasu asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Yau da WhatsApp abin ya fi sauƙi. A ƙasar da ke da madatsun ruwa ƙanana da yawa, murya ɗaya da ta ce "baraji ya fashe", ba suna, ba gari, ba rana, tana iya tayar da ƙauyuka goma, kuma ita ɗin ce za ta sake dawowa baɗi kamar sabuwa.

Don haka, kafin a sayi kowace na'ura, a rubuta saƙon gyara a ajiye, da dukan harsunan yankin, kuma ya bi ta hanyar da saƙon farko ya bi, cikin mintoci. Kowane gargaɗi ya faɗi wanda ya aiko, da garin da ake nufi, da ranar, da abin da za a yi. Misali: daga ofishin magajin garin kaza, yau Talata da la'asar, an yi ruwa mai yawa a tudu, kada kowa ya ratsa ƙorama har gobe da safe, masu kwana a bakin kwari su koma makarantar boko. Mutum biyu su duba kafin a aika, amma a bayyana su waye tun kafin damina, tare da wanda zai maye gurbinsu, don kada a tsaya neman shugaba yana kan hanya babu rezo. Gwaji kuma a yi shi da rana, a sanar a kasuwa da masallacin Juma'a mako guda kafin nan. Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne bayan kaka: jami'ai su zauna da mutanen gari su ƙirga tare, sau nawa aka yi gargaɗi, sau nawa ruwa ya zo, sau nawa ya zo ba a faɗa ba. Mutanen karkara sun saba da hadarin da ke haɗuwa ya watse, suna iya yafe hasashen da bai cika ba. Abin da ba sa yafewa shi ne a firgita su sannan a yi kamar ba a yi ba.

Kai kuma mai karatu, idan wata rana wayarka ta tashe ka ka kwashe iyali zuwa tudu, gari ya waye ba ruwa, ka je ofishin magajin gari ka nemi bayani, haƙƙinka ne. Amma kada ka kashe gargaɗin, kada kuma ka hana iyalinka tashi a karo na gaba. Saƙon da ba ya ɗauke da sunan hukuma da gari da rana, kada ka tura wa kowa sai ka kira hakiminku ko 'yan kwana-kwana a lamba 18 ka tabbatar.