Dalma Cikin Kayan Zanen Yara

Jama'ar Kamba da Bagudo da sauran garuruwan bakin iyaka, ga wata magana wadda ya kamata kowane mai gida da kowane malamin makaranta ya sani.

Kowa ya san halin ƙaramin yaro. Abin da ya shiga hannunsa, ba ya daɗewa sai ya kai shi baki. In an ba shi fensir ya tauna gindinsa, in ya sami burushi ya lasa. To, waɗansu launukan da a ke zane da su akwai dalma a ciki, wato ƙarfen nan mai nauyi na cikin batirin mota, irin wanda masunta su ke ɗaurawa a bakin taru domin ya nutse. Masu yin fenti su kan zuba ta domin launi ya yi haske, ya kuma bushe da wuri. An fi samunta cikin rawaya da ja da ruwan lemo. Akwai kuma wani ƙarfe mai guba, kadmiyam, wanda shi ma a kan sa cikin ja da rawaya.

Dalma guba ce, kuma ta fi yi wa yaro ɓarna bisa ga babba. In yaro da ubansa suka haɗiye daidai wa daida, abin da zai shiga jinin yaron ya kai ninki huɗu ko biyar na uban, balle in cikinsa ba abinci. Daga jini sai ta wuce ƙwaƙwalwa, saura kuwa ta kwanta cikin ƙashi da haƙora shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan nata da za a ce ba ya cutarwa.

Mun ga iyakar sharrinta a maƙwabtanmu. A shekarar 1994 an janye waɗansu kwalayen kala daga kantunan Amurka saboda ita, amma abin da ya auku a Zamfara cikin 2010 ya fi kusa da mu. A ƙasar Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu, domin an riƙa niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da tabarmi da kwanon tuwo. Lalle abin da ke cikin fenti bai kai wannan yawa ba, saboda haka ba safai ya ke kisa ba. Aikinsa a ɓoye ya ke yi. Yaro mai kaifin kai sai a ga ya soma mantuwa, karatu ya ƙi zama, ga ciwon ciki da taurin bayan gida, ga ƙarancin jini da yawan fushi. Sau da yawa a kan ce lalaci ne, har a sa masa bulala, alhali kuwa ciwo ne.

Tawadar allo ta gargajiya, wadda a ke yi da gawayi da ƙaro, ba dalma cikinta. Haka jar ƙasa da gangamau da karan dafi da kakanninmu suka yi ado da su. Baƙin cikin fensir ma ba dalma ba ne, fentin bayansa shi ne abin dubawa. Inda haɗari ya ke shi ne sauran fentin mota ko na ƙarfe da yaro zai roƙo wurin mai fenti domin ya yi zayyanar allo ko ya shafe motar langa-langa, da garin launi da a ke aunawa a leda, da kwalin kala wanda ba sunan kamfani ba adireshi. Kaya iri iri su na shigo mana daga Kwatano, ta Malanbil da Gaya, ko ta Lolo da Tsamiya. Yawancinsu ba laifi, sai dai ido ba ya rabe mai dalma da marar ita, ko mai sayarwar ma bai sani ba. Ƙasashe da yawa sun kafa doka kada dalma cikin fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan, don haka a nemi gwangwanin da aka rubuta ba dalma a jikinsa.

Sai kuma kwalli, ko da ya ke wannan za ta yi wa iyaye mata nauyi. Dutsen nan mai ƙyalli da a ke niƙawa, mafi yawansa dalma ne. A 2011 likitocin Boston sun auna kwallin da aka sa wa wani jariri ɗan asalin Nijeriya, suka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri kuwa ya kan murza ido ya tsotsi yatsa. Kada a sa masa, kada kuma a bar wa yara tandun su yi wasan zane da shi.

Malamai su sa yara wanke hannu da sabulu in an gama darasin zane, tun ba a fita cin tara ba. Tsohon fenti mai ɓamɓarewa a bangon aji, kada a kankare shi a bushe yara na nan, a jiƙa shi tukuna. Wanda ya ga alamun nan ga ɗansa ya kai shi asibiti, ya tafi da fentin ko kwallin da ya ke zato, ya gaya wa likita ya na so a auna dalma cikin jinin yaron, gama da awon jini kaɗai a ke gane ta.