Yadda Masana Ke Raba Bakteriya Da Lakar Teku

Daga Wakilinmu

A ƙarƙashin teku, cikin lakar da ta daɗe tana taruwa, akwai ƙwayoyin bakteriya waɗanda yawansu ya fi ƙarfin lissafin yau da kullum. A shekarar 2012 Jens Kallmeyer da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa adadinsu ya kai 29 da sifiri 28 a bayanta, watau bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙiyasin shekarar 1998 ba. Wannan rata ta nuna cewa ƙidayar ba ƙaramin aiki ba ce.

Babbar matsalar ita ce ƙwayoyin ba a sake suke ba. Kowace takan fitar da wani yauƙi mai kama da na kuɓewa, ta manne da shi a jikin yashi ko yumɓu. Idan aka sa lakar a madubin ƙara girma, sai ƙasa ta ɓoye su. An saba girgiza lakar da sauti mai ƙarfi ko a wanke ta da sinadarai irin na sabulu, amma girgizar in ta yi yawa takan farfasa ƙwayoyin da ake nema.

A nan ne inzayim ke da amfani. Shi wani sinadari ne da jikin mai rai ke yi domin narkar da abu takamaimai. Irinsa ne ke cikin tsiron dawa, wanda ke tsinka kunu ya sa masa zaƙi. Da yake yawancin yauƙin nan sarƙar sukari ce, akan zuba inzayim mai yanka ta, ƙwayoyin su saku, sa'an nan a juya ruwan a na'ura har yashi ya kwanta a tsame su.

Sai dai zaɓen inzayim na bukatar hattara. Lisozayim, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922, kuma ake samu a hawaye da farin ƙwai, bangon ƙwayar kansa yake fasawa. Yana da kyau ga mai neman sinadarin gado na DNA, amma ɓarna ne ga mai son ƙwayar da ranta.

Samunta da rai kuwa shi ne abin nema, domin a lakar tsibiran Bahamas aka samo bakteriyar Salinispora, wadda a 2003 aka ba da labarin wani sinadarinta da daga baya aka gwada a kan masu ciwon daji.