Yadda Iyaye Za Su Taimaki Yara da Lissafi a Gida

Sau da yawa yaro yakan iya tarawa, da ɗebewa, da ninkawa, da rabawa, amma da zarar an kawo masa tambayar lissafi cikin labari sai ya rikice. Galibi harshe ne yake ba shi wuya, musamman idan da Turanci, ko Faransanci, ko Larabci ake koyar da shi, alhali Hausa ake yi a gida. Irin wannan yaro, in ba a kula ba, sai ya yanke ƙauna ya ce ba shi da ƙwaƙwalwar lissafi.

A shekarar 1945 wani masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Hangari, George Polya, ya bayyana matakai huɗu na warware matsala: fahimtar tambaya, da tsara hanya, da bin hanyar, sannan waiwaye don a tabbatar da amsa. Uwa ko uba na iya bin waɗannan matakai ko da ba su yi zurfi a boko ba.

Ga misali. Uwa za ta iya cewa, "Mudu 2 na shinkafa yakan ishi mutum 8. Mudu nawa za mu dafa wa mutum 20 ranar suna?" Da farko yaro ya maimaita tambayar da bakinsa, da Hausa. Daga nan a tambaye shi, "Mudu 1 fa, mutum nawa zai isa?" In ya gano 4, sai ya jera duwatsu 20 ya kasa su huɗu-huɗu, ya sami kashi 5. A ƙarshe ya gwada: 5 sau 4 ya ba da 20 kuwa?

Kasuwa ma makaranta ce. A Nijar dala 1 daidai take da sefa 5, don haka yaron da ya san dala 20 ita ce sefa 100 ya riga ya fara ninkawa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne haƙuri. Kada a yi saurin faɗa wa yaro amsa, kada kuma a tsawata masa in ya kuskure. A ce masa, "Nuna mini yadda ka yi." A cikin bayaninsa ne za a ga inda ya ɓace. Ɗan lokaci kaɗan kullum ya fi doguwar zama daren jarrabawa, domin da yayyafi kogi kan cika.