Kada a Ɗura wa Tsoho Ƙwayar Kashe Zafi da Sunan Maganin Gigin Tsufa

Maganar da masana ke yi a ɗakunan bincike ta fara isowa wayoyinmu, kuma ina tsoron inda za ta kai mu. An ji cewa kumburi a ƙwaƙwalwa na da hannu a gigin tsufa, sai wasu suka yanke hukunci: to a nemo wa Baba ƙwayar sauke kumburi. Don Allah a dakata.

Batun kumburin gaskiya ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira maikurogiliya, su ne masu gadi da shara. A cutar Alzheimer, wadda wani nau'in gigin tsufa ce, idan wani furotin mai suna amiloyid ya taru ya daskare, sai su yi masa ca. Da farko taimako suke yi. Amma idan faɗan ya ƙi ƙarewa shekara da shekaru, sai su riƙa zuba sinadarai masu illa, har su cinye mahaɗar jijiyoyin da tunani ke bi. A 2013 aka gano cewa wani canji a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda ke juya waɗannan masu gadi, yana ninka haɗarin cutar kusan sau uku. Daga nan bincike ya karkata sosai wajen kumburi.

Sai dai an riga an gwada abin da mutane ke shirin yi. A 2001 aka fara wani babban gwaji a Amurka mai suna ADAPT, da tsofaffi sama da 2,500 masu shekara 70 zuwa sama. An ba wasu naproxen, wasu celecoxib, dukkansu ƙwayoyin sauke kumburi. A ƙarshen 2004 aka dakatar da ba da ƙwayoyin saboda fargabar illa ga zuciya, kuma ba su kare kowa daga cutar ba. Wannan fa a hannun likitoci ke nan. Ina ga diclofenac da ibuprofen da ake aiken yaro kemis ya sayo, a ba tsoho safe da yamma, wani lokaci cikinsa babu komai? Ƙodar tsoho ba ta ɗaukar wannan. Ciki yakan yi gyambo ya zubar da jini a ɓoye, ba a farga ba sai an ga baƙin bayan gida da fuska ta ɗashe. Jini kuma ya hau, alhali hawan jini shi kansa yana cikin masu lalata ƙwaƙwalwa.

Kumburin da ya kamata mu tsaya a kai yana wani wuri ne. A 2009 masu bincike a Southampton ta Ingila suka bi masu cutar Alzheimer 300 na wata shida, suka ga waɗanda wata cuta ta kama jikinsu, irin ta huhu ko ta mafitsara, tunaninsu ya lalace da saurin da ya kai ninki biyu. Wato zazzaɓin da muke rainawa yana hura wutar da ke can cikin kai.

Saboda haka idan Hajiya ta gane kowa jiya, yau kuma tana kiran jikanta da sunan marigayi mijinta, tana fizgar zani, ta kwana ido biyu, kada a ce ai tsufa ne. Kada a ce aljanu, balle bakin wani ya furta maita a kan baiwar Allah da ba ta san inda kanta yake ba. Gigin tsufa a hankali yake zuwa. Ruɗewar kwana ɗaya ko biyu sau da yawa alamar ciwo ce mai magani. A taɓa jikinta, a tambayi fitsarinta da tarinta, a lura ko tana shan ruwa.

A kai ta asibiti a ranar, kuma a tafi da duk ƙwayoyin da take sha a nuna wa likita.