Lugbe: Ladabin fita daji daga jagoran matasa yake farawa

Unguwar Lugbe, wadda ke kan hanyar filin jirgin saman Abuja, ta san abin da ruwa ke yi idan aka tare masa hanya. A watan Yunin 2023 ambaliya ta mamaye gidaje fiye da 100 a rukunin gidaje na Trademore, har hukumar babban birnin tarayya ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa ne aka fi ɗora wa laifi, amma ledoji da robobin da ke toshe magudanai su ma suna da nasu kaso.

A irin wannan unguwa, yadda yaro ke mu'amala da fili da rafi da dutse ba ƙaramin al'amari ba ne. Masu koya masa hakan kuwa galibi 'yan sa-kai ne: jagororin 'yan sikawut a makarantu, da na Boys' Brigade a majami'u, da na 'yan agaji a masallatai. Su ne ke fita da yara zango ko hawan duwatsun Mpape da Ushafa, kuma abin da jagora ya yi da ledar ruwan da ya sha, shi yara talatin za su yi.

Horar da jagora kafin a damƙa masa yara tsohuwar al'ada ce. Baden-Powell ya yi zangon sikawut na farko a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, harkar ta iso Najeriya a 1915, sannan a 1919 aka fara horar da jagorori a Gilwell Park. A nan gida, cibiyar koyar da kishin ƙasa da shugabanci, uwar ƙungiyar Man O' War, ta samo asali ne a 1951, kuma tana da makaranta a duwatsun Shere da ke Jos.

Abin da ya kamata a ƙara a kan fareti da ɗaurin igiya da taimakon gaggawa shi ne ladabin barin wuri yadda aka same shi. A Amurka, hukumomin gandun daji ne suka fara yaɗa wannan tsari, kafin a kafa ƙungiyar Leave No Trace, wato “kada ka bar sawu”, a 1994. Ƙa'idojinta 7 ne: shiri tun daga gida, tafiya da kafa tanti a inda ƙasa ke jure taku, kwashe shara, barin abin da aka tarar, taƙaita wuta, girmama namun daji, da mutunta sauran jama'a.

Kowace ƙa'ida tana da fassararta a ƙasar Abuja. Shiri yana nufin jarkar ruwa da kofuna maimakon buhunan fiya wata, da buhu guda na dawo da shara. Tafiya a kan turba tana nufin kada a ratsa gonakin doya da masara na Gbagyi, waɗanda suka riga birnin zama a nan. Idan babu makewayi, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa da kimanin mita 60, a rufe bayan an gama. Wannan ya fi muhimmanci a kewayen madatsar ruwa ta Usuma, inda birnin ke samun ruwan famfo. A lokacin hunturu kuwa, garwashi ɗaya da aka bari cikin busasshiyar ciyawa ya isa ya cinye tsauni, don haka risho ya fi murhun itace, kuma ba a tashi sai toka ta huce.

Jagora ba ya koyon wannan daga allo kaɗai. Sai ya haƙa ramin da hannunsa, ya kashe wutar, ya zagaya zangon yana tsintar abin da ya faɗi, kafin ya iya sa yara su yi. Horon ba ya bukatar kuɗi mai yawa: filin makaranta da bakin rafi sun wadatar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba sauko da shararsa daga kan dutse, da wuya ya jefa ta a kwatar ƙofar gidansu a Piwoyi ko Sabon Lugbe idan damina ta kama.