Yadda Ake Gane Halin Abokin Ciniki Kafin A Ƙera Masa Hanyar Biyan Kuɗi

MAIDUGURI — Tsakanin watan Oktoba na shekara ta 2022 da watan Fabrairu na 2023, takardun kuɗin da ke yawo a hannun jama'a a Nijeriya sun ragu daga fiye da Naira tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1, sakamakon sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya yi. A unguwar Lamisula da ke tsakiyar birnin Maiduguri, kamar sauran unguwannin da ke maƙwabtaka da fadar Shehun Borno, masu tireda da masu ɗinkin hula da mata masu haɗa turaren wuta sun wayi gari babu yadda za su karɓi kuɗin cinikinsu sai ta waya ko ta na'urar POS. Ana cikin wannan hali ne kuma, ranar 26 ga Fabrairu, 2023, gobara ta cinye babban ɓangare na Kasuwar Monday, wadda ita ce cibiyar cinikin birnin.

Waɗannan makonni sun zama wata jarrabawa da ba a shirya mata ba ga bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya. Na'urorinsu sun ƙirga musu yawan mutanen da suka fara tura kuɗi suka tsaya a tsakiya, da yawan asusun da aka buɗe aka yi watsi da su. Abin da na'urorin ba su iya faɗa musu ba shi ne dalili. Neman wannan dalili, daga bakin mai amfani da kayan da kuma daga hannunsa, shi ne aikin wani fanni da ake kira binciken halin mai amfani, wanda masanin nan na Amurka, Don Norman, ya yaɗa sunansa sa'ad da yake aiki a kamfanin Apple daga shekara ta 1993.

Masu wannan fanni suna yawan cewa manufarsu ita ce su sa maƙerin kaya ya ji abin da mai amfani yake ji. Ya kamata a bambanta wannan da tausayi. Mai tausayi yana kallon dattijon da ya kasa tura kuɗi ya ce, Allah sarki, bai yi boko ba. Wanda ya fahimci hali kuwa yana lura da cewa dattijon nan yana riƙe da bashin mutum 40 a kansa ba tare da ya rubuta ko ɗaya ba, don haka ba lissafi ne ya gagare shi ba, tsarin da aka ba shi ne bai dace da yadda yake aiki ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar ita ce mai ɗakin ba kasafai yake zuwa ofis ya faɗa ba. Sai dai ya kwashe kayansa ya koma wani ɗakin.

Misali mafi shahara na amfanin irin wannan bincike ya fito ne daga ƙasar Kenya. Cikin shekara ta 2005, kamfanonin Vodafone da Safaricom suka fara gwajin wani tsari a garin Thika da kewayen Nairobi, da nufin masu karɓar ƙananan rance daga wata cibiya mai suna Faulu su riƙa biyan bashinsu ta waya. Da masu gwajin suka zuba ido, sai suka ga mutane suna yin abin da ba a tsara ba. Wasu suna biya wa 'yan uwansu bashi, wasu suna zuba cinikin yini da yamma don kada su kwana da kuɗi a gida, wasu kuma fatake ne da ke zuba kuɗi kafin su hau mota su cire idan sun isa. Kamfanin ya ajiye batun rance gefe, ya fito da M-Pesa a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Da a ce an tsaya ga takardar tambayoyi, da amsar da za a samu ita ce ko biyan rancen ya yi sauƙi ko bai yi ba, domin iyakar abin da za a tambaya ke nan.

Akwai kuma misalan da suka bi ɗaya hanyar. An ƙaddamar da kuɗin eNaira ranar 25 ga Oktoba, 2021, kuma a farkonsa sai mai babbar waya da asusun banki ne zai iya shiga, wato wanda tun asali yana da hanyar tura kuɗi. Sai a shekara ta 2022 aka ƙara lambar *997# don masu ƙananan wayoyi. Wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ya fito a 2023 ya nuna cewa kimanin kashi 98.5 cikin ɗari na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako.

A Maiduguri kanta, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta fara raba tallafin kuɗi ta waya ga 'yan gudun hijira cikin shekara ta 2016. Bitar da aka yi wa aikin daga baya ta nuna cikas iri-iri: da yawa daga cikin masu karɓa ba su saba da waya ba, da yawa ba sa karanta saƙon da ke shigowa, wakilan da za su ba da tsabar kuɗin kuma ba koyaushe suke da isassu a hannu ba. Hukumar ta ƙara da wasu hanyoyi, ciki har da katin karɓar abinci a shaguna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan cikas da yake ɓoyayye. Duk wanda ya yini a layin karɓa zai gan su da idonsa.

Kayan aiki na farko a wannan fanni, saboda haka, shi ne zama da kallo. Mai bincike yana neman izinin mai shago, ya sami benci a gefe, ya yini bai koya wa kowa komai ba. A unguwa irin Lamisula abubuwan da zai gani ba su cikin kowane rahoto na ofis. Zai ga waya ɗaya tana hannun mutum uku a yini. Zai ga maigida ya miƙa wa yaron shago ko ɗansa wayar ya karanta masa saƙo, abin da ke nufin lambar sirri ba sirri ba ce kamar yadda maƙerin manhaja ya ɗauka. Zai ga mai saye ya nuna shaidar cewa ya tura kuɗi, mai sayarwa kuma ya ƙi sakin kaya har sai alat ya shigo wayarsa, mutum biyu masu mutunci suna tsaye suna kallon juna na tsawon mintoci, kowa yana gudun ya nuna bai yarda da ɗan uwansa ba. A littafin banki wannan ciniki ya yi nasara. A wurin mai shago kuwa, abin da ya saura a ransa shi ne ya tsare maƙwabcinsa a bakin shago kamar wanda ake tuhuma, kuma gobe zai ce masa ya je wurin mai POS ya ciro tsaba.

Haka nan zai lura da yadda ake tattalin cajin waya. Mutanen Maiduguri sun yi zaman duhu mai tsawo tun daga watan Janairu na 2021, lokacin da aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, kafin a buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023. Sun kuma ga an rufe layukan waya gaba ɗaya a watan Mayu na 2013. Ɗan kasuwar da ya ratsa waɗannan shekaru yana da hujjar da za ta sa ya ƙi zuba dukkan jarinsa a cikin abin da ke buƙatar wuta da sabis, kuma kuskure ne a rubuta wannan taka-tsantsan a matsayin rashin wayewa.

Bayan kallo sai hira, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kara da kunya suna hana mutum ya kushe kayan baƙo a gabansa, don haka wanda ya tambaya ko manhajar tana da kyau, amsar da zai samu ita ce lafiya lau, babu matsala. Ƙwararru ba sa tambayar ra'ayi, labari suke nema. Sukan ce wa mutum ya ba su labarin ranar ƙarshe da kuɗinsa suka maƙale: nawa ne, wa ya fara gaya wa, sau nawa ya je banki, wa ya tsare masa shago, kwana nawa aka yi. Daga irin wannan labari ne ake zana abin da ake kira taswirar tafiyar ciniki, wato jerin matakan da mutum yake bi tun daga niyya har kuɗi su shiga hannu, tare da alama a duk inda ya tsaya, ko ya ji tsoro, ko ya nemi taimakon wani.

Maiduguri tana da wata matsala ta daban game da hira. Tun bayan rikicin da ya faro a 2009, baƙo mai riƙe da takarda yana tambayoyi ana ɗaukarsa ɗaya daga cikin biyu: ko mai rubuta sunayen masu karɓar tallafi, ko mai tattara bayanan tsaro. Idan aka yi masa zaton farko za a rage masa yawan ciniki, idan aka yi masa na biyu za a rage masa magana. Maganin wannan shi ne a shiga ta hannun bulama ko shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, a bayyana tun farko cewa babu rabon komai, a kuma yi hirar da harshen da mutum yake ƙirga kuɗi da shi, ko Barbarci ne, ko Hausa, ko Larabcin Shuwa. Mata masu sana'a a cikin gida kuwa, waɗanda turarensu da humrarsu ke kaiwa har Kano da Abuja, sai mace ce za ta iya zama da su. Kamfanin da masu bincikensa duka maza ne ya riga ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta samun halastacciyar hujja, kamar yardar mutum, kafin a ɗauki bayanansa, kuma mai bincike na gari ba ya tambayar lambar sirri ko da wasa, domin da irin wannan tambaya ce 'yan damfara suke shigowa.

Kayan aiki na uku shi ne gwaji, wanda ya fi kowanne arha kuma ya fi kowanne kunyata maƙeri. Ana ba mutum waya a ce masa ya tura N2,000 ga wata lamba, sa'an nan a kame baki. Jakob Nielsen da Tom Landauer sun nuna a 1993 cewa ba a buƙatar taro mai yawa, kuma Nielsen ya ƙiyasta cewa mutum 5 sun isa su fito da kimanin kashi 85 cikin ɗari na matsalolin da ke cikin tsari, muddin irin mutanen da aka yi kayan dominsu ne. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne ake yawan karyawa, inda ake gwada manhaja da ma'aikatan ofis a Legas, a ce ta wuce. A hannun mai tireda, tsarin danna lambobi masu farawa da tauraro yakan yanke kafin ya gama shigar da lambar asusu mai lamba 10 da yake kwafowa daga takarda, kuma tun 2021 aka sanya wa irin wannan hada-hada cajin N6.98. Saƙon da ke biyo baya da Turanci yake zuwa, kuma sau da yawa bai fayyace abu ɗaya tak da mutumin yake son sani ba, wato ko an cire kuɗin ko ba a cire ba.

Gwaji yana kuma tona wani zato game da karatu. Borno ƙasar tsangaya ce, kuma mutane da dama da takardun ƙididdiga ke sakawa a sahun marasa karatu suna karanta rubutun Larabci ba tare da gargada ba. Ajamin da ke jikin N200 da N500 da N1,000 an sa shi ne saboda irinsu, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007. Da wuya a sami manhajar banki da ta yi la'akari da wannan.

Sauran kayan aikin ba su buƙatar dogon bayani. Takardar tambayoyi tana da amfani wajen auna yawan matsalar da aka riga aka gano, ba wajen gano ta ba. Akwai kuma al'adar zana hoton wani abokin ciniki na misali, a ba shi suna da shekaru a manna a bangon ofis. Idan ba daga hira ta gaskiya aka ciro shi ba, zaton ma'aikata ne kawai aka sa wa hula.

Ribar da ke cikin wannan aiki ba ƙarama ba ce. Binciken cibiyar EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na baligan Nijeriya ba sa cikin kowane tsarin hada-hadar kuɗi, kuma adadin ya fi haka a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma. Kamfanin Transsion, mai wayoyin Tecno da Itel, ya zarce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka cikin 2017 da abubuwan da ya koya a kasuwanni: gurbin layi biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fito da baƙar fata sosai, da harsunan gida har da Hausa.

Akwai mataki ɗaya da kusan ba a gwada shi, wato dawo da asusu bayan hasara. Ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ambaliya ta mamaye tsakiyar Maiduguri, har da fadar Shehu da Kasuwar Monday, ta tafi da wayoyi da katunan banki da takardun shaida. Tun watan Disamba na 2020 aka ɗaure layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, asusun banki kuma yana ɗaure da layin waya, saboda haka wanda ya rasa su a dare ɗaya yana buƙatar kowanne kafin ya karɓo ɗayan. Kamfanin da yake son ya san ingancin tsarinsa yana iya zaɓar ma'aikacinsa ɗaya, ya karɓe masa waya da kati da takardar shaida, ya sauke shi a Lamisula da kuɗin Keke Napep kawai, sa'an nan ya ƙirga kwanakin da zai ɗauka kafin ya taɓa kuɗin da ke cikin asusunsa.